Ranar da Tulu Ya Ƙi Amsa Waƙata

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk unguwarmu ta Mairi babu macen da ta kai ni murya, wani abu ya same ni wanda har yau idan kakar zaɓe ta zo sai ya dawo mini sabo. Jiya na ga an fara manna hotunan 'yan takara a bangon layinmu, shi ne na ce bari in ba ku labarin.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a Kasuwar Kwastam, amma a cocinmu ba da ɗinki aka san ni ba. Ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ga wanda bai sani ba, mace ɗaya ce ke tsayawa a gaba ta ɗaga waƙa, sauran su amsa, masu caki su kaɗa. Amma abin da ke riƙe da waƙar gaba ɗaya shi ne tulu. Babban tulun ƙasa ne, ana dukan bakinsa da guntun soso, sai ya ba da wata murya mai kauri da mutum ke ji har a ƙirjinsa. Idan tulu bai shiga ba, mata ba sa sanin inda za su sa ƙafa. A lokacin ban yarda da haka ba. A ganina ni ce waƙar, tulu rakiya kawai yake yi mini.

Mai buga mana tulun wata gwauruwa ce, ta ɗan girme ni. Ba ta da surutu. Tun daga Ajilari take ratso gari ta zo koyon waƙa duk ranar Alhamis da yamma, ta zauna a layin baya, ta rungume tulunta, a tashi ta tafi. Na san mijinta ɗan garinmu ne kuma ya rasu a shekarun rikici, na san ita ba yarenmu ba ce, aure ne ya kawo ta cikinmu. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban taɓa tambaya ba.

Yawancinmu a cocin daga gari ɗaya muke a kudancin Borno. A Maiduguri muke zaune, amma katin zaɓenmu na gida ne, idan lokaci ya yi sai a cika motoci a tafi. Saboda haka duk mai neman kujerar majalisar jiha daga yankinmu dole ya biyo ta kanmu. Kuma sun san darajar waƙar zumunta. Yau a yi ta a coci, a ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo ana yin ta a ƙauye wajen niƙa da wajen biki.

A shekarar akwai wani ɗan takara da tun kafin a kaɗa ƙuri'a muke ce masa Honarabul. Jama'a, mutumin nan ya iya addu'a! Idan aka ba shi makirifo ya rufe ido, tsofaffi har hawaye suke yi. Ayoyi a kansa suke, ba ya duba takarda. Yana gaisuwa da yarenmu, ya durƙusa wa tsofaffi har ƙasa. A Kirsimetin da ya wuce ya kawo wa marayun coci shinkafa da takalma, aka yi ta ɗaukar hoto. Sannan ya aiko cewa ya saya wa zumunta sabon zanen anko, a zo a ɗauka a ofishin kamfen ɗinsa da ke nan Mairi.

Ni aka tura ɗauka. Na ce wa mai tulu ta raka ni ta taya ni ɗaukar kaya, ta ce kanta na ciwo. Na taɓe baki na ce a raina, wasu dai sai an ɗinka an kawo musu. Ofishin gida ne mai kyau, da bishiyar lemo a tsakar gida ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Har na tsinki biyu na jefa a jaka.

Daga nan shugabar zumuntarmu ta ce tun da Honarabul zai zo sujada ranar Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, ya kamata a tarbe shi da waƙa. Ba ta rufe baki ba na ce na ɗauka. Kwana biyu ina taka keken ɗinki ina haɗa baiti. Abin da na sa a zuciyata shi ne, namu ne, Kirista ne, yana tsoron Allah, me ya rage? Na sa wa waƙar amshi mai daɗi: "Uban marayu, sannu da zuwa, mai share hawayen gwauraye." Da na rera wa kaina a shago, sai da na ji kaina ya ƙara girma.

Ranar Alhamis na koya wa mata. Nan da nan suka kama, masu caki suka shiga. Tulu shiru. Na sake ɗagawa, tulu shiru. Na juya na ga mai tulu ta ɗora hannu biyu a bakinsa, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, bakina kuma ba ya jira.

Na ce, "'Yar'uwa, barci kike yi ne? Idan ciwon kan bai tafi ba, ki ba wata ta buga mana. Ba za mu ji kunya a gaban babban baƙo saboda mutum ɗaya ba."

Wasu suka yi dariya. Na lura tsofaffi biyu ko uku ba su yi ba, sun dai kau da kai. Mai tulu ta ɗauke hannu daga bakin tulun. Ta miƙe, ta jingina tulun a bango a hankali, ta ce wa shugaba, "Mama, a nemi wata. Ni na gaji." Ta ɗaura gyalenta ta fita. Aka ba wata yarinyar mace tulun, ta yi ta dukansa kamar tana wa ɗanta horo, waƙar dai ba ta zauna ba.

Mahaifiyata tana wajen. Ita ma ta ba da waƙa a zamaninta, amma gwiwa ta mayar da ita kujerar baya. Da muka isa gida, ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Shekara nawa matar nan tana buga miki tulu?"

Na ce, "Shida."

"Ta taɓa ɓata miki waƙa?"

Na ce ba ta taɓa ba.

"To yau da ta yi shiru, me ya hana ki tambaye ta dalili?"

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu. Ta ce akwai maganar da ta daɗe tana ji sama-sama, amma ba za ta faɗa mini abin da ba ta tabbatar ba. Gobe in rufe shago in je Ajilari in ji daga bakin mai ita.

Na je, ba don ina so ba. Da ƙyar mai keke ya gane layin. Wata Hajiya Babarbariya, mai gidan da take haya, ta tarbe ni a zaure da gaisuwar yarensu. "Wushe, wushe. Mai ƙosai kike nema? Shiga, ɗakin ƙarshe." Ɗaki ɗaya ne, ita da 'ya'ya uku. Na same ta tana tsince wake. Ta ba ni tabarma da ruwa kamar ba ni ce na ci mata fuska jiya ba, wannan ya fi zagi zafi a wurina.

Na ce, "Yaya, na zo ba ki haƙuri, kuma na zo in ji."

Ta ture waken gefe. Ta ce, "Gidan da kika je ɗaukar zani, kin ga bishiyar lemo?"

Na ce na gani.

Ta ce, "Ni na dasa ta. Shekarar da muka tare."

Honarabul wan mijinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijin ya rasu tana da ciki wata huɗu. Ba a yi shekara ba wan ya zo ya ce gida na dangi ne, ya karɓi takardu, ya ce ta ɗan koma wani wuri kafin a zauna a raba. Shekara bakwai ke nan ba a zauna ba. Ba ta da dangi a garin da za su tsaya mata, kuma ba ta son 'ya'yanta su tashi suna gaba da gidan ubansu. Shi ya sa ma take ratso gari zuwa cocinmu, don yaran su ji yaren ubansu su san mutanensa.

Ta ce, "Ban ce kowa ya ƙi shi ba. Ku zaɓi wanda kuke so. Amma hannuna ba zai iya buga wa kalmar nan ta uban marayu tulu ba. Na gwada, ya ƙi. Gara in bar zumuntar."

Na tuna lemon nan biyu, na sha su a shago har ina yaba zaƙinsu. Ana cikin haka autarta ta shigo daga makaranta, yarinya siririya mai wushirya, ta durƙusa ta gaishe ni. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Wajen tulun nan ne kaɗai matar nan take da kujerar da ba wanda ya taɓa tashin ta, ni kuma na zo da waƙata na tashe ta.

Da na koma gida, fushina ya koma kan Honarabul. Na ce wa mahaifiyata ranar Lahadi sai na tona masa asiri a gaban kowa. Ta ce, "Jiya kin ɗaga shi sama ba ki bincika ba, yau za ki jefar da shi ba ki ji ta bakinsa ba. Ke dai ba ki iya tafiya a hankali ba." Ta tuna mini abin da ake koya mana, cewa idan ɗan'uwa ya yi laifi, a fara samun sa a keɓe, kuma ba a yanke wa mutum hukunci da bakin mutum ɗaya. Ta ce gobe Asabar za mu je wurinsa, ni da ita.

Mun same shi a gidan lemon nan, mutane cike da tsakar gida. Da ya ga mahaifiyata ya taso da sauri, ya durƙusa, don ta san mahaifiyarsa tun suna 'yan mata. Ya kai mu ɗaki ya rufe ƙofa. Mahaifiyata ta faɗa masa abin da ya kawo mu, ba ta ɗaga murya ba.

Gaskiya bai yi mana tsawa ba. Ya ce filin na mahaifinsu ne, shi ma ya sa hannu a ginin. Ya ce ya ji tsoron kada ta sake aure gidan ya tafi hannun bare. Ya ce maganar gida ce, abokan hamayya ne ke son hura ta, a bari sai bayan zaɓe zai zauna da kowa. Yana magana ina jin zuciyata tana laushi, don mutumin ya iya jera zance. Ya ƙare da cewa yaran nan 'ya'yansa ne, kullum suna cikin addu'arsa.

Mahaifiyata ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ɗana, maganar gida ba ni zan raba ta ba, akwai dattawa. Tambaya ɗaya ce da ni. Cikin da ƙaninka ya bari, me aka haifa?"

Ya yi ɗan murmushi, ya kalli silin, ya kalle ni kamar zan taimake shi. Ya ce, "Ai yaron nan yana nan lafiya, Mama. Ya girma."

Ta ce, "Mace ce. Shekararta bakwai. Wushiryarka ce a bakinta."

Ban taɓa ganin mutum mai baki irin nasa ya rasa abin faɗa ba. Mahaifiyata ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce masa za ta ci gaba da yi masa addu'a, kuma da gaske take. Muka fito.

Daga nan na wuce gidan shugabarmu na ce mata ba zan yi waƙar ba. Hankalinta ya tashi. Ta ce an riga an ɗinka zani, an gaya wa baƙo, in rufa mata asiri. Kafin la'asar magana ta zaga, har wata ta kira ni a waya tana tambaya ko ɗaya ɓangaren ne suka saye ni. Ni da ko fuskar ɗaya ɗan takarar ban sani ba! Na aika wa mai tulu saƙo cewa ta zo gobe, waƙar nan ta mutu. Ta maido da amsa a taƙaice: "Za ki iya, a gaban mutane?" Ni ma ban sani ba.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Honarabul ya zo, yana kujerar gaba da mutanensa. Mata duk sun sha sabon anko, ni da mahaifiyata muka sa tsohon. Na leƙa layin baya, tulu na jingine a bango, babu kowa a wurinsa.

Aka kira zumuntar mata. Na fita, na karɓi makirifo. Wayoyi suka tashi sama ana jiran waƙar Honarabul. Ni kuwa da safen nan na haɗa wata 'yar gajeriya wadda ban koya wa kowa ba. Babu sunan kowa a ciki, babu habaici, addu'a ce kawai. Na rufe ido na ɗaga: "Ya Ubangiji, ba mu shugaba mai tsoronka, wanda ya san ƙofar gwauruwa, wanda ya san sunan maraya."

Babu wadda ta amsa. Ba su san amshin ba, wasu kuma sun gane sun ƙi. Masu caki suka riƙe cakinsu. Na sake ɗagawa, muryar nan tawa da nake taƙama da ita ta fito tana rawa, ita kaɗai a cikin babban coci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina, sau ɗaya zan ƙara, idan ba a amsa ba in ajiye makirifo in bar garin.

Na ɗaga na uku. Sai na ji shi daga baya, dum, dum-dum. Ban buɗe ido ba, na san hannun. Ashe ta iso tana tsaye a bakin ƙofa da tsohon zaninta, tana jira ta ji abin da zan rera. Tulu na shiga, mahaifiyata ta amsa da tsohuwar muryarta, tsofaffin nan da suka kau da kai ranar Alhamis suka bi ta, caki ya shiga, sai ga coci duka yana amsawa. Mun yi ta maimaita layi ukun nan, ni ina rerawa ina kuka, majina da komai, babu sauran kwalliya. Da na buɗe ido na ga Honarabul ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu.

Kada ku ɗauka waƙata ce ta raba kujera. Ya ci zaɓensa. Wasu mata sun yi wata biyu ba sa amsa gaisuwata da kyau. Amma maganar da aka shekara bakwai ana rufewa ta fito fili, dattawan ikilisiya suka ɗauke ta, aka yi ta zama ana tashi. Sai da aka kusa shekara biyu. Wata Alhamis muna koyon waƙa, ba lokacin zaɓe ba, ba mai ɗaukar hoto, sai ga shi a bakin ƙofa shi kaɗai. Ya ce yana so ya ga yarinyar. Bayan wata ɗaya mai tulu ta koma gidanta. Ko tuba ce ko kunya ce, wannan tsakaninsa da Allahnsa, ni dai na ga mutum ya gyara abin da ya ɓata, kuma ba na raina wannan.

Tun daga lokacin zumuntarmu ba ta ƙara yi wa ɗan takara waƙar yabo ba. Duk wanda ya zo muna tarbarsa, mu ba shi kujera, mu yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Sannan mu tura mata biyu unguwarsu su gaisa da maƙwabta, Musulmi da Kirista, su ji yadda yake zaune da mutanen gidansa da waɗanda ba su da abin da za su ba shi. Idan an ji abu, shi ake fara samu kafin kowa. Ba mala'ika muke nema ba, mu ma ba mala'iku ba ne. Amma na daina ɗaukar iya addu'a a matsayin hali, na kuma daina cewa "namu ne" kamar wannan ya gama magana. Ni ma na iya waƙar Allah ƙwarai a ranar da na kori gwauruwa daga kujerarta.

Mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya yanzu. Muryata ma ta fara gajiya, yara sun taso suna karɓa. Mai tulu tana nan a layin baya, duk shekara kuma sai ta aiko mini da lemo cikin leda, ta ce wannan da izini ne. Har yau idan babban baƙo ya shigo coci aka miƙo mini makirifo, ba fuskarsa nake fara kallo ba. Sai in ɗaga layin farko, in ɗan dakata, in saurari baya. Idan tulu bai shiga ba, ba na ci gaba.